Kalmomi biyu na Turanci sun raba ni da dattijon da ke kawo min shayi

Assalamu alaikum, Baba Malam.

Ni matashi ne ɗan shekara 27. A Jidda aka haife ni, a nan na tashi. Hausa a gida, Larabci a waje, Turanci kuwa ɗan na makaranta ne da wanda na tsinta a bakin baƙi. Shekara uku ke nan ina aikin istiƙbal, wato teburin tarbar baƙi, a wani otal inda masu Umara ke kwana kafin su wuce Makka ko Madina ko filin jirgi.

Mako uku da suka wuce ina dawam ɗin dare, wato aikin kwana, wata hajiya 'yar Malesiya ta ajiye ƙaramar shantarta baƙa, wato jakarta, a kan kujera, kusa da tulin kayan wani ayari da ke shirin tafiya Madina, ta shiga sallar Asuba. Ta fito ba shanta. Fasfonta da kuɗinta duk suna ciki. Kyamarar da ke kallon wajen kujerun kuma ta daɗe da lalacewa. Mudir ɗinmu, wato manaja, ɗan Indiya ne, ba ya karanta Larabci sosai, sai ya ce in rubuta masa taƙrir, wato rahoto, da Turanci kafin in tashi. Na rubuta: "The porter must have taken the bag." Wallahi Baba, abin da ke raina shi ne wataƙila mai ɗaukar kayanmu ya haɗa ta da kayan ayarin ya loda a bas bai sani ba. Na ɗauka "must have" wataƙila take nufi, don na sha jin Turawa suna faɗinta a kan abin da ba su gani da idonsu ba.

Aka dakatar da shi, aka bincike ɗakinsa a gaban abokan kwanansa. Dattijo ne ɗan Bangaladash, ya haifi kamata, shekararsa goma sha ɗaya a otal ɗin. Bayan kwana biyu sai ga waya daga Madina: ashe wani alhaji ne cikin ayarin ya ɗauka, ya zaci ta matarsa ce. An mayar da dattijon aiki, amma yanzu sallama kawai yake amsa min. Da kuwa kullum bayan Asuba shi ke kawo min shayi.

Yanzu mudir na so ya ba ni mushrif na dare, wato mai kula da ma'aikatan dare, aikin da kullum sai an rubuta taƙrir. Ni kuma raina ya fi karkata ga in ƙi. Baba, ina da alhaki tunda ba da niyya na yi ba? Ta yaya zan ba shi haƙuri? Kuma don Allah a warware min waɗannan kalmomi kafin in sake cutar da wani.

Ɗanka a Jidda

Wa alaikumus salam, ɗana.

Rabin fahimtarka daidai ne. Bature ba ya cewa "must have" a kan abin da ya gani da idonsa. In ya ga mutum ya ɗauki jaka, kai tsaye zai ce "he took the bag", ba ƙari. Inda ka zame shi ne nan: yana faɗin "must have" ne lokacin da bai gani ba amma hujja ta toshe masa kowace hanya sai guda ɗaya. Ba wataƙila ba ce ko kusa. Ita ce "ai shi ne, babu wani" a Hausa, ita ce "akid" ko "la budda annahu" a Larabcin da ka tashi da shi. Wato abin da mudir ya karanta da safiyar nan shi ne cewa ma'aikacin da ya kwana a wurin, wanda ya fi kowa sanin abin da ya faru, ya auna ya gama, ya nuna dattijo. To me kake so ya yi?

Ga kuma "taken" ta ƙara gishiri. Kalmar na nufin ɗauka ta aiki, tana kuma nufin ɗauka ta sata, kamar yadda in wani ya ce "wane ya ɗauke min kuɗi" ba wanda zai tsaya tambayar ko adana masa ya yi. A cikin rahoton ɓatan kaya, ma'ana ta biyu ce ke riga isa kai.

Bari mu bar otal tukuna mu koma gida, inda hankalinka ya fi kwanciya. Ka dawo bayan Isha, ka tarar da takalman ƙanenka a bakin ƙofa, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na ta aiki a ɗakinsa, ga makullin mota a kan tebur. Ba ka gan shi ba, amma me za ka ce wa Hajiya? "Ai ya dawo ke nan." Wannan ita ce "He must have come back." Wata rana kuma ka dawo ba takalma, ka kira wayarsa a kashe. Wataƙila ya bi abokai Makka, wataƙila yana wajen ƙwallo, wataƙila caji ne ya ƙare. Nan ne gurbin "He might have gone to Makkah", ko "may have", ko "could have". A wannan aiki su ukun 'yan gida ɗaya ne, kada ka ɓata dare wajen neman wacce ta fi wacce ƙarfi. Wasu littattafai sukan ce "might" ta ɗan fi rauni, amma mai karanta taƙrir ɗinka abu ɗaya zai ji: marubucin bai tabbatar ba. Sai rana ta uku, wani ya ce maka ya ga ƙanen naka a Riyad da Azahar, alhali da Azahar ɗin tare kuka ci shinkafa a Jidda, ga kusan kilomita 950 a tsakani. Ba za ka ce wataƙila ba shi ba ne. Za ka ce "ba zai yiwu ba", mustahil. "He can't have been in Riyadh." In ka ce "couldn't have" ma duk ɗaya ne.

Ka ga duk matakan nan kana da su a bakinka tun kana yaye, har cikin harsuna biyu. Ba tunanin ne baƙo gare ka ba, tufar da Turanci ke sa masa ce baƙuwa.

Tufar kuwa ƙyalle uku ce, ba ta canzawa. Na farko ɗaya daga cikin kalmomin nan, must, might, may, could, can't. Na biyu "have". Na uku siffa ta uku ta aikatau, wadda malamanku na nan ke kira tasrifi na uku, ta layin ƙarshe a jadawalin da ke bayan littafin Turanci: take, took, taken, go, went, gone, leave, left, left, forget, forgot, forgotten. Ita "have" ɗin ba ta zama "has" don ana maganar mutum ɗaya, ba ta zama "had" don abin ya wuce. "She must have left", ba "she must has left" ba. Kuma ita ce kaɗai ke mayar da maganar baya. Cire ta ka ga abin da zai faru. "The porter must take the bag" umarni ne, dole ya ɗauki jakar. "The porter had to take the bag" labari ne, an tilasta masa ya ɗauka kuma ya ɗauka. "The porter must have taken the bag" hukunci ne da mai magana ya yanke a kan abin da ya riga ya faru. Jimloli uku masu kama da juna kamar 'yan uku, amma ɗaya ce kawai ke iya sa a buɗe akwatin mutum a gaban jama'a.

Akwai ramuka biyu uku da nake so ka sani, don na ga manyan ɗalibai sun faɗa ciki. Babba shi ne wajen kore magana. "He might not have seen it" na nufin wataƙila bai gani ba. "He couldn't have seen it" na nufin babu yadda za a yi ya gani. Da can na ce maka "might" da "could" 'yan gida ɗaya ne, to da zarar "not" ta shigo sun raba gari, ɗaya shakka ce, ɗaya yanke magana. Na biyu, kishiyar "must have" ba "mustn't have" ba ce a Turancin Ingila, "can't have" ce. Amurkawa kan ce "he must not have heard me", za ka ji shi a bakin baƙi, ka gane shi, amma kai riƙe "can't have" ta ishe ka. Sai "could have" mai fuska biyu. "The guest could have left it in the room" zato ne, mai yiwuwa a ɗaki ta bari. Amma in dattijon nan ya dube ka ya ce "You could have asked me", ba zato yake yi ba. Yana ce maka kana da damar ka tambaye ni, ba ka tambaya ba. Kuma da gaskiyarsa.

"Should have" kuwa ita ce ƙeyar da Bahaushe ke faɗa, da-na-sani. "I should have asked him first", ya kamata a ce na fara tambayarsa. Tana da wani ƙaramin aiki na lissafi da zai amfane ka a istiƙbal. Bas ɗin ayarin nan ya tashi bayan Asuba, tafiyar Jidda zuwa Madina ta haura kilomita 400. In mudir ya tambaye ka ƙarfe bakwai na safe, amsarka "They can't have arrived yet." In ya tambaya bayan Azahar, "They should have arrived by now", a lissafi ya kamata a ce sun isa. Wani abin dariya kuma, a baki Turawa na haɗiye "have" ɗin har ta zama kamar "of", shi ya sa za ka ga baƙo ɗan Landan ya rubuto muku ƙorafi da "must of". Kuskure ne ko a wurinsu, kada ka kwaikwaya don ganin jan kunne.

Wannan ke nan na malamin Turanci. Yanzu ka gyara zama, don abin da ya fi damuna a wasiƙarka ba nahawu ba ne.

Mu ɗauka ka san bambancin tun farko, ka rubuta "The porter might have taken the bag." Ya fi sauƙi, na yarda. Amma har yanzu sunan wa ke cikin takardar? Da asubar nan mutum nawa ne a zauren? Ayari guda na alhazai suna ta jan kaya, ga direban bas, ga jagoran ayari, ga masu shara, ga kai kanka. Cikin su duka mutum ɗaya alƙalaminka ya zaɓa, kuma shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin baki a wurin. Ban ce ka yi da mugunta ba, na yarda da rantsuwarka. Amma gaggawa takan bi ta inda katanga ta fi gajarta. Mudir na tsaye a kanka, hajiya na kuka, barci na idonka, sai hannu ya rubuta sunan da ba zai jawo rigima ba. Ka tambayi zuciyarka, da za ka iya rubuta cewa wani alhaji cikin baƙin otal "must have taken the bag"? Ai da sai ka tsaya ka nemi hujja. Ga shi kuwa a ƙarshe alhajin ne.

Ka kuma san ƙasar da muke ciki. Kai nan ne gida, in aiki ya ƙare za ka koma ɗakin mahaifiyarka ka ci tuwo. Shi igamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, a ɗaure take da aikin nan, kuma tabbas akwai bakuna da ke jiran abin da yake turawa ƙarshen wata. Sashe na 80 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ba mai aiki damar sallamar ma'aikaci ba tare da sanarwa ko kuɗin ƙarshen aiki ba a wasu halaye, ciki har da aikata abin da ya taɓa gaskiya da amana, bayan an ba shi damar kare kansa. Shekara goma sha ɗaya ta haƙƙin sallama, da mutuncin da zai koma da shi gida, su ne suka kwana biyu suna lilo a kan jimlarka. Da wayar Madina ba ta zo ba fa? Saboda haka kada ka yi mamakin shayin da ya tsaya. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne har yanzu yana amsa maka sallama.

Tun muna makarantar allo aka koya mana wannan darasi, ba mu dai san wata rana za mu buƙace shi da Turanci ba. Ka koma Suratu Yusuf. Mai shaida daga dangin matar Aziz bai ga abin da ya faru a ɗakin ba, sai ya ce a duba riga: in ta gaba ta yage, ita ce mai gaskiya, in ta baya ce, shi ne. Aka duba, ta baya ce. Wannan shi ne "must have" na halal, hujja a hannu, hanya ɗaya ta rage. To amma ka ci gaba da karatu zuwa inda aka fito da ma'aunin sarki daga cikin kayan ɗan'uwan Annabi Yusuf. Wace hujja ta fi wannan? Kaya a jakar mutum, a gaban idon kowa. Duk da haka yaron bai saci komai ba. Har 'yan'uwan da za su kai wa mahaifinsu labari, a aya ta 81, sai da maganar ta zo da togaciya, cewa ba su shaidi komai ba sai abin da suka sani, kuma ba su ne masu tsaron gaibu ba. In an ga abu a jakar mutum ana iya kuskure, ina ga wanda ba a ga komai a hannunsa ba? Kai ko inuwar dattijon ba ka ce ka gani kusa da kujerar ba. Ayar Hujurat da ta ce a nisanci da yawa daga zato ka san ta, ba sai na ja maka ba.

Ba daga kan tudu nake maka magana ba. Shekarun baya, a wata makaranta da na koyar, wani yaro shiru-shiru ya kawo min insha'in da ya fi ƙarfin ajinsu. Na ɗauki jan biro na rubuta a ƙasa, "You can't have written this yourself." Ni da nake koyar da kalmar, na san nauyinta sarai. Washegari ya zo da tsohon littafinsa, shafi huɗu na gwaji, duk kankare da gyara da hannunsa. Ya ajiye a kan teburina bai ce uffan ba, ya koma wurin zamansa. Na ba shi haƙuri a gaban aji, amma bai sake kawo min rubutun da ya wuce abin da aka nema ba har ya gama. Ka ga ni ba jahilcin nahawu ne ya kayar da ni ba.

Kan tambayarka ta alhaki. Wanda ya yi tuntuɓe ya fasa tulun maƙwabci ba a rubuta masa zunubin mai ganganci, amma zai biya tulu. Haka malaman fiƙihu suka tafi a kan ɓarnar dukiya, kuskure na ɗauke laifi, ba ya ɗauke biya. Mutunci kuwa ya fi tulu tsada. Don haka daina juyi a kan katifa kana tambayar ko kai mugu ne. Ba mugu ba ne, mai bashi ne, sai ka tashi ka biya.

Biyan farko ba a wurin dattijo yake ba, a ofishin mudir yake. Takardarka ta farko tana nan cikin fayil, kuma takarda ta fi mudir daɗewa a otal. Gobe a canza shugaba, wani abu ya sake ɓata, a buɗe fayil a ga an taɓa ambaton sunansa. Ka rubuta taƙrir na biyu, da Turanci, ka sa kwanan wata da hannunka, ka roƙi a liƙa shi a jikin na farko. Ba ya buƙatar tsawo. Wani abu kamar haka: "My first report was wrong. I did not see the porter touch the bag, and I had no evidence against him. I should not have named him. The bag was taken to Madinah by a guest by mistake." Ka lura babu "might" ko "must" a ciki, domin yanzu an san gaskiya, kuma abin da aka sani ba a sa masa rigar zato. A nan ne kuma za ka tambaya ko an yanke masa kuɗin kwana biyun. In an yanke, ka nemi a mayar. In suka ƙi, ka cire daga albashinka, ba zai kashe ka ba.

Sai ka je wurinsa da kwafin takardar a hannu. A gaban abokan kwanansa aka zazzage masa kaya, to a gabansu za a wanke shi, ba a lungun lif ba. Ku biyun da Larabcin aiki kuke magana, shi ya isa, in akwai ɗan ƙasarsu da zai fassara masa takardar ya fi. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka fara da darasin Turanci. In ka buɗe baki da "wallahi ban san ma'anar kalmar ba", abin da zai ji shi ne kana wanke kanka ne, ba shi ba. Kuma "ma'alesh" ba ta isa nan ba, wannan ta wanda ya taka maka ƙafa a layin sayen gurasar tamis ce. Ka ce masa, ya ammi, na rubuta sunanka ban ga komai ba, na zalunce ka, ka yafe min. Ka tsaya nan. In ya tambayi yadda aka yi, sannan ka ba shi labarin kalmar. In ya yi faɗa, ka sunkuyar da kai, ya girme ka kuma shi aka ɓata wa.

Maganar mushrif kuwa, karɓa za ka yi. In ka ƙi, wani za a ba, wanda wataƙila bai taɓa ƙonewa ba balle ya ji tsoron wuta. Kuma gudun Turanci ba inda zai kai ka a wannan aiki. Tun da aka buɗe bizar yawon buɗe ido a watan Satumba na 2019 baƙin da ke shigowa Jidda ba masu ibada kaɗai ba ne, kuma tun 2021 daga aji ɗaya na firamare ake fara koya wa yara Turanci a makarantun gwamnati. Yaran nan suna tafe a bayanka. Kai kuma kana da abin da yawancinsu ba su da shi, in alhajin Kano ko na Maraɗi ya rikice a zaure kai ake kira. Kada ka yar da wannan saboda jimla ɗaya. Na san za ka ce to in riƙa rubutawa da Larabci waya ta fassara min. Ka yi amfani da ita wajen neman kalma, ban hana ba, amma in ka ba ta "la budda" za ta miƙo maka "must" cikin ladabi, ba za ta tambaye ka me ka gani ba.

Ga yadda nake so ka riƙa gina taƙrir. Ka raba shi gida biyu a kanka, ko da ba ka ja layi a takarda ba. Gidan farko abin da idonka ya gani da abin da aka faɗa maka, da lokaci, da sunan wanda ya faɗa, cikin sassauƙan Turanci na abin da ya wuce: "The guest left her bag on the chair at about 5:10. She came back at 5:30. The bag was not there. A group was loading luggage onto a bus at that time. The camera in that area is not working." Ka ga wannan jimla ta ƙarshe? Ita ce ta fi cancantar shiga takardarka ta farko, ita ce kuma ba ta shiga ba. Gida na biyu zato, in ma an nemi zatonka. A nan Turanci ya ba ka wata dabara mai kyau, ka sa kayan a gaba ka bar mutum a waje, ta hanyar ƙara "been": "The bag may have been loaded onto the bus by mistake." Mai yiwuwa an loda jakar a bas bisa kuskure. An loda, ba wane ya loda ba, daidai da "an" ɗinmu ta Hausa da ke rufa wa kowa asiri. Da wannan ka rubuta, abin da mudir zai fara yi shi ne ya kira direban bas, kuma da kafin su kai rabin hanya an ga jakar. Wato jimlar da ta fi adalci ita ce ma ta fi saurin nemo kayan.

"Must have" ka ajiye ta don ranar da za ka iya biyo ta da "because" ka kawo dalilin da kowa zai iya dubawa. "The guest must have checked out, because the key card is in the box and the room is empty." In ka nemi abin da zai biyo bayan "because" ka rasa, sauka zuwa "may have". In kuma sunan mutum zai shiga jimlar, ka tashi daga kujera ka je ka tambaye shi kafin ka rubuta. Dattijon nan da asubar nan bai fi taku ashirin daga teburinka ba.

Don hannu ya saba, sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun tebur. Dawam ɗin dare na da dogon shiru tsakanin ƙarfe biyu da kiran salla. Kowane dare ka ɗauki ƙaramin abu ɗaya da ya faru, lif ya tsaya, baƙo bai zo ba, an bar laima a zaure, ka rubuta masa jimla uku, ɗaya da "must have", ɗaya da "might have", ɗaya da "can't have", kowacce da dalilinta. Za ka ga sau da yawa ta tsakiyar ce kaɗai ke da ƙafar tsayawa. Wata ɗaya in ka yi haka, tasrifi na uku ma zai zauna maka ba tare da hadda ba.

Shayi kuma, juya shi. Gobe bayan Asuba kai za ka kai masa, ka haɗa da tamis mai zafi da ful. Mai yiwuwa ya karɓa ya ajiye gefe bai sha ba. Kada ka tsaya kallon kofin, koma bakin aikinka, jibi ka sake kaiwa. In an kwana biyu ka rubuto min yadda kuka ƙare, ka haɗo da shafi ɗaya na littafin nan in duba maka.

Baba Malam